Kurakuran da masu zuwa cin abinci a lambu suke ta maimaitawa a Sakkwato

Kusan duk ƙarshen mako sai na ga abu ɗaya. Mutum ya kwaso iyalinsa ko baƙinsa daga cikin gari, ya nufi lambu a bakin fadama don a sha iska a ci gasasshen kifi a ƙarƙashin mangwaro, amma ya koma gida yana tsaki, wai an cuce shi. Galibi ba wanda ya cuce shi. Ya zo ne da tunanin gidan abincin cikin gari, inda tukunya take kan wuta tun safe, kana zama a zubo maka. A lambu kuwa, ko ta hanyar Kwalkwalawa ka fita, ko ta Wamakko, ko ta Kware, rana da garwashi da yanayin shekara su ne suke juya komai. Na gaji da ganin mutane suna faɗawa rami ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Babban kuskure, wanda har yau in na tuna shi raina yake ɓaci, shi ne ka tashi ka tafi ba sanarwa, kuma ka bari a sa abu a wuta ba ku yi ciniki ba. Surukaina ne suka zo daga Birnin Kebbi, na ce bari in fitar da su wajen gari in girmama su. Muka isa bayan la'asar. Yaron da yake hidima ya tarbe mu da fara'a ya ce, "Sannunku da zuwa Alhaji, mi kuka so?" Na ce zabi da kifi, ya ce an gama. Ashe zabin suna yawo a bayan lambu, ba a ko kama su ba. Sai an kama, an yanka, an fige, an hura gawayi, an jira ya zama garwashi. Aka yi magariba ba abinci, aka yi isha'i ba abinci. Surukina dattijo ne mai ciwon suga, wanda bai kamata ya daɗe da yunwa ba, amma kunya ta hana shi magana. Sai da na ga hannunsa yana rawa na ce, "Baba, lafiya?" ya ce, "Ba komai, ɗana." Da ƙyar aka samo masa fura. Da aka zo biya kuma, kuɗin kifin ya kusan ninka abin da na saba biya, domin an zaɓo mafi girma a cikin baho an gasa ba a tambaye ni ba. A gaban suruki wa zai tsaya jayayya a kan kuɗin kifi? Na biya, na haɗiye.

To ku ji abin da nake yi tun daga ranar, kuma ba na sassautawa ko mutum biyu ne za mu je. Tun da safe nake buga waya in faɗi yawanmu da abin da za mu ci da lokacin da za mu iso, in ce a sa zabuwa a wuta awa ɗaya kafin nan. In mai wurin ya ce ba sai an kira ba, to a gaya mini abin da yake dafaffe a ƙasa, in san da shi. In mun isa, ba na zama sai na je wurin bahon da kaina. In nuna kifin da yatsa in ce, "Wanga nawa na?" a faɗa, mu daidaita, sannan a ɗauka. Ba rowa ba ce, Bahaushe ba ya cinikin biri a sama. Kuma ganin kifin yana da wani amfani da ya fi na kuɗi. Tarwada dai a raye ya kamata ka same ta, tana motsi a ruwa. Ƙarfasa ko giwan ruwa kuwa, duba idon ya kasance garau, ka ɗaga marfin kunnen ka ga ja ne, ka danna tsokar ta dawo. In idon ya dushe, ko yatsanka ya bar gurbi, bar shi. A zafin Sakkwato na watan Afrilu, da yake haura digiri 40, kifin da aka kama da asuba ba ƙanƙara yana iya juyawa kafin azahar, kuma yaji da albasa suna rufe warin har sai cikinka ya ba ka labari da dare.

In akwai dattijo ko mai ciwo ko ƙananan yara a tafiyar, sa dabino da ƙuli-ƙuli a mota. Wannan kam ba shawara ba ce, wajibi ne.

Na biyu, lokaci. Nan ma na sha wuya, kuma a nan ne na fi jin haushin iyaye. Mutane suna son su zauna a lambu har dare saboda sanyin da yake tasowa daga gulbin Rima, kuma gaskiya ne, ba abin da ya kai iskar nan daɗi bayan wunin zafi. Amma ruwan da yake kawo sanyin shi ne yake ƙyanƙyashe sauro. Sauron da yake ɗauke da zazzaɓin cizon sauro daga faɗuwar rana yake fara farauta har zuwa asuba, kuma daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da ruwa yake kwance a ko'ina a fadama, abin ya fi ƙamari. Ba banza ba ne ake bi gida-gida a watannin nan ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi duk wata. Ni na zauna da 'yata ƙarama a bakin ruwa cikin watan Agusta har bayan isha'i, tana sanye da 'yar riga mara hannu. Bayan kamar mako biyu zazzaɓi ya rufe ta, har da jijjiga, muka kwana a asibiti ana ƙara mata ruwa. Allah ya tashi kafaɗarta, amma ban manta daren ba.

Shi ya sa in na ga uba ya shimfiɗe jariri a tabarma a gindin bishiya da magariba, shi kuma yana can yana latsa waya, sai in ji kamar in je in ɗauke yaron. Haba jama'a! A gida kun ɗaura gidan sauro, kun rufe taga, sannan ku kawo yaro inda sauron yake haihuwa ku ajiye? Ni da damina ba na kai yara lambu sai da hantsi ko bayan la'asar, kuma kafin a kira magariba mun shiga mota. In manya ne zalla kuma za a daɗe, doguwar riga da safa, da man shafawa na korar sauro, kuma a nemi wuri mai iska nesa da kwatar ruwa. Wasu suna kunna maganin sauro na hayaƙi a ƙarƙashin tebur. Ni ba na son hayaƙinsa kusa da abinci, amma ya fi babu.

Lokacin da na fi so shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Sauro ya ragu, albasa da tumatir da latas sun cika fangali kore shar, kifi ya fi jure ajiya. Sai dai hunturu yana da nasa: in iska ta taso da ƙura, nemi a rufe abincin da faifai, kuma ku zo wa yara da rigar sanyi, don sanyin fadama ya fi na cikin gari. Da bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, wanda ya je da ƙarfe 1 na rana ya wahalar da kansa, inuwar dogon yaro ma zafi take fesowa.

Sai ruwa da ɗanyen ganye, wanda mutane suke rainawa saboda sun ga an tsinko a gabansu. Sabo ne, ba musu. Amma da wane ruwa aka wanke shi? In da ruwan kwata ne, inda shanu suke sha ake wanki, to sabuntarsa ba ta hana taifot ko amai da gudawa, kuma wanda ya ga abin da cutar amai da gudawa ta yi a Arewa a 2021 ba zai yi wasa da ita ba. Ni nakan tambaya kai tsaye, in ban gamsu ba in ce a bar latas da kabejin, a kawo mini albasa da tumatir in wanke da ruwan da na zo da shi in yanka da kaina. Haka ƙanƙarar da ake jefawa cikin fura da zoɓo. A sanyaya kwanon daga waje, kar a sa mini a ciki. Nono kuma ɗanɗana shi kafin a dama.

Akwai ƙananan abubuwa da ba sa buƙatar dogon bayani. Ku zo da tsabar kuɗi, domin sabis yana ɗaukewa a wajen gari, kuma mun ga yadda tura kuɗi ta waya ya kunyata mutane a farkon 2023. Ku tambayi wurin alwala da salla da makewayi tun kuna isa, musamman saboda mata. Kar a kunna kiɗa da ƙarfi, wasu shiru suka zo nema. Kar a ɗauki hoto ko bidiyo matan wasu suna ciki, balle a ɗora a Facebook ko TikTok. Kar a kira mai hidima da "kai!", ɗan wani ne, kuma yana da suna.

Wanda ba zan wuce shi da layi ɗaya ba shi ne yadda ake sakin yara a cikin shuka. Lambun nan gonar wani ce. Albasar da yaronka yake tattakawa yana bin fara, mai ita tun asuba yake ba ta ruwa da injin da ya saya wa mai da tsada, kuma da ita zai ciyar da gidansa. Mangwaro da gwaiba da suke reto ba na Allah-ba-ku ba ne, a tambaya, a saya. Ban da ɓarna ma akwai haɗari: rijiyoyin fadama da yawa ba su da marfi, bakinsu daidai yake da ƙasa, ciyawa ta rufe. Ni ina isa nake zagawa in ga inda rijiya take, in nuna wa yara iyakar da ba za su ƙetare ba. Leda kuma ku tattara ku tafi da ita. Jar akuyar nan tamu da ake alfahari da fatarta har ƙasashen waje, in ta haɗiye leda a cikinta take dunƙulewa, ta rame, ta mutu, kuma asarar talaka ce.

Sai komawa gida. Wanda ya zo a Keke Napep ko kabu-kabu ya sallami mai shi yana cewa zai samu wani in an tashi, ya shirya tafiya a ƙasa, domin bayan magariba abin hawa yana wuya a hanyoyin lambu. Karɓi lambar wanda ya kawo ka, ku yanke kuɗin dawowa da lokaci tun kafin ya juya. Mai mota kuma ya dubi hanyar da kyau: da rani yashi yana riƙe taya, da damina laka, kuma in an sako ruwa daga madatsar Goronyo gulbi yana iya cika ko ba a yi ruwan sama a Sakkwato ba. Tambayi mutanen wurin ko hanya tana biyuwa, ka ajiye motar a kan tudu, fuskarta tana kallon hanyar fita. Ga kuma halin tsaro da kowa ya sani a wasu sassan jihar. Ni ba na yin nisa da gari, kuma ba na kaiwa ƙarfe 9 na dare a waje in da iyali.