Yadda za ka tattala ruwan gida ko ana tsakiyar damina

Da zarar damina ta kankama sai ka ga mutane sun saki jiki, a bar famfo a buɗe ana wanke-wanke, tanki ya cika yana tsiyaya ba mai kashe injin, wai ai ruwa ya wadata. To ruwan da ke sauka daga sama daban, wanda ke fitowa a famfonka daban. Mafi yawan ruwan da ake shekawa kamar da bakin ƙwarya gangarewa yake ya bi kwata ya wuce, wanda ƙasa ke sha har ya kai inda rijiya da burtsatse ke ɗebowa a hankali yake sauka, wani wurin sai ya ɗau watanni ko shekaru. Sannan ruwan kogi da na dam idan ya ɗauko laka tace shi ya fi wuya, shi ya sa wani lokacin ana marka amma famfo ya ƙafe. Birnin Chennai na Indiya ambaliya ta cinye shi a ƙarshen 2015, amma a 2019 manyan madatsun ruwansa huɗu suka kusa ƙafewa ƙaf har sai da aka riƙa kawo ruwa a jirgin ƙasa.

Ka fara da neman inda ke yoyo, dan nan ne asarar da ba a gani. Rufe duk famfunan gidan, in kana da mita ka rubuta lambar da ta nuna, in tanki ne ka yi alama a inda ruwan ya tsaya, ka bar shi awa biyu ba mai taɓa ruwa sai ka dawo ka duba. In ya motsa akwai inda yake zuba. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowane sakan yana iya zubar da fiye da lita 11,000 a shekara, kuma galibi 'yar robar ciki ce kawai ta cinye. Masai na zamani ya fi kowa satar ruwa shiru-shiru, ka ɗiga kala a tankinsa ka jira kamar minti 15 ba tare da ka ja ba, in kalar ta ɓullo a cikin kwanon to robar ƙasan tankin ta mutu, a canza ta.

Sai tarar ruwan sama, wanda ni a ganina nan ribar take. Lissafin ba wuya, milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 kenan, wato rufin da ya kai murabba'in mita 100 in aka yi ruwan milimita 10 ya ba ka wajen lita 1,000, ban da ɗan abin da zai fantsale. Amma fa kar ka tari na farko. Rufi ya kwashi ƙura da kashin tsuntsaye da ganye, ka bar ruwan farko ya wanke shi ya zube tukuna, sannan ka kara duro ko ka juya bututun zuwa tanki. Share indararo kafin nan, ka sa raga a bakin duron, kuma ka rufe shi ruf dan sauro daga ƙwai zuwa mai cizo mako ɗaya zuwa kwana 10 ya ishe shi, ba amfani ka tara ruwa ka tara wa kanka zazzaɓi.

Wannan ruwan shi za ka sa a wanki, goge ɗaki, wankin mota da kora bayi, na famfo a bar shi dan sha da girki. In dole sai an sha na saman a tace a tafasa shi ya yi minti 1 yana tafarfasa.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba, duk ruwan da ka zubar a gida sai ya je wani wuri. Da damina ƙasa ta riga ta ƙoshi, ramin sokawe ba ya tsotsewa da sauri, kai kuma kana ta antaya masa ruwan wanka da na wanki, ƙarshenta ya cika ya dawo ta bayi ko ya malala ya haɗu da ruwan sama ya shiga rijiya, ta haka amai da gudawa ke samun hanya. Dan haka ranar da ake tafka ruwa ka ɗaga babban wanki zuwa gobe, kuma kar ka kuskura ka haɗa bututun rufi da sokawe.

Sauran ƙanana ne, kashe famfo lokacin goge baki, wanka da bokiti ko a gajarta shawa, ruwan ɗauraya a kora bayi da shi. Mai shuke-shuke ya tura yatsa cikin ƙasa kafin ya ba su ruwa, in da danshi ya haƙura. In injin ke cika maka tanki ka sa a ɗaura masa abin da ke kashe shi da kansa idan ya cika, in babu ka saita ƙararrawa a waya daidai mintunan da yake ɗauka ya cika.