Kafin ka sa hannu a takardar haya a Ingila

Ƙannena 'yan Sakkwato masu shirin tafiya Ingila karatu ko aikin jinya, Turancin da kuka ci IELTS da shi zai fitar da ku daga Heathrow lafiya. Wajen kama ɗaki ne yake kasawa, kuma na gaji da ganin yaranmu suna faɗawa rami ɗaya.

Na baki ba abin damuwa ba ne. Harshenmu na haɗa p da f, ka nemi copy a miƙo maka coffee, a yi murmushi a wuce. Borrow da lend ma haka, tunda mu da "ara" kaɗai muka tashi. Kunne zai saba.

Takardar haya ce matsalar. A Mabera ko Runjin Sambo dillali zai kai ka, ku gaisa da mai gida, ka biya kuɗin shekara, shi ke nan. Can kuwa sai ka duba da wane suna aka kira ka, tenant ko lodger. A wurinmu duk ɗan haya ne, amma doka ta raba su nesa. In kai tenant ne, dole mai gida ya sa kuɗin ajiyarka, wato deposit ɗin da kake bayarwa jingina, ƙarƙashin tsarin kariyar da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Tun 2019, a irin gidajen da muke kamawa, ba zai karɓi fiye da kuɗin hayar mako 5 a matsayin ajiya ba, kuma in ka ƙi tashi sai da umarnin kotu za a fitar da kai. Lodger shi ne wanda ke zaune gida ɗaya da mai gidan, suna haɗa kicin da banɗaki. Shi kam ba dole a sa kuɗin ajiyarsa a wancan tsarin ba, kuma ba sai da umarnin kotu za a fitar da shi ba. Wa'adi kawai za a ba shi, in ya cika a canza makulli.

Wani yaro daga Arkilla ya sauka Birmingham, ya samu ɗaki mai araha, bai tambayi kowa ba ya sa hannu, ashe lodger ne. Da suka saɓa da mai gidan kan kunna hita, tsakiyar hunturu ya tsinci akwatinsa a ƙarƙashin matakala, kuɗin ajiya kuma aka ce fenti ya cinye. Bayan sallar Juma'a mutanenmu suka haɗa masa abin da ya samu, wani dattijo ya ba shi falonsa. Wannan halin namu ina alfahari da shi, wallahi. Amma me ya hana shi nuna wa wani takardar tun farko?

Ku lura da pw da pcm a talla. Na farko kuɗin mako ne, na biyu na wata. Fam 150 a mako ba 600 ba ne a wata, 650 ne, don da mako 52 ake lissafi.

Sai referee da guarantor, waɗanda suka sha ɓata zumunci. Referee shaida kawai zai bayar cewa ya san halinka. Guarantor kuwa ya ɗauki bashinka a wuyansa, ranar da ka kasa biya shi za a bi har kotu. Don Allah ku daina kiran Kawu ko Yaya kuna cewa "sa hannu kawai ne". In ya ce a'a ba rowa ba ce, shi ma haya yake biya.

Kuɗin riƙe ɗaki kuma, holding deposit, bai wuce kuɗin hayar mako 1 ba. Duk wanda ya nemi fiye da haka, ku ɗauki hoton takardar ku turo zaurenmu na WhatsApp kafin ku tura masa ko fam ɗaya.