Yadda Ake Bambance Sinadaran Dangin Gulukagon da Ke Cikin Hanji

Duk wanda ya fara karatu a kan sinadaran da hanji ke fitarwa yakan ci karo da sunaye masu kama da juna: gulukagon, GLP-1, GLP-2, gilisentin, oksintomodulin, ga kuma GIP da ke raɓe da su. Ɗalibi yakan zauna ya haddace su ɗaya bayan ɗaya, amma kafin mako ya zagayo sun cakuɗe masa. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a kama su daga tushe, domin biyar daga cikin shidan nan daga uwa ɗaya aka yanko su, kuma wanda ya gane yadda ake yankan ba ya buƙatar hadda mai yawa.

Fara da uwar. Sunanta furogulukagon, doguwar sarƙa ce mai ɗauke da amino asid 160 (ƙananan tubalan da ake gina furotin da su), kuma ƙwayar gado guda ce ke ba da umarnin ƙera ta, wato GCG da ke kan kuromosom na 2. A farkon shekarun 1980 aka gano tsarinta, inda ɗakin binciken Joel Habener a Boston ya fara da wani kifi, sannan Graeme Bell da abokan aikinsa suka bayyana ta ɗan Adam a 1983. Ka ɗauke ta kamar yadi ɗaya da aka kai wa tela biyu: yadin bai canza ba, amma almakashin kowannensu dabam ne, saboda haka abin da ke fitowa daga hannunsu ma dabam ne.

Tambayar farko da za ka yi wa kowane suna ke nan: a ina aka yanka shi? Idan a fankiriyas ne, gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi, to ƙwayoyin halitta da ake kira alfa ne ke aikin da almakashi, wato sinadari mai yanka sarƙar, mai suna PC2, kuma abin da suke fitarwa shi ne gulukagon kansa, mai amino asid 29. Idan kuwa a hanji ne, ƙwayoyin L ne ke aikin da almakashin PC1/3, kuma waɗannan ƙwayoyi sun fi yawa a ƙarshen ƙaramin hanji da kuma cikin babban hanji. A nan ne ake samun GLP-1 da GLP-2 da gilisentin da oksintomodulin. Akwai abin lura sosai a wannan gaɓa: gilisentin mai amino asid 69 yana ɗauke da oksintomodulin mai 37 a cikinsa, shi kuma oksintomodulin ba komai ba ne illa cikakken gulukagon da aka bar masa jela mai amino asid 8. Wannan ne dalilin da ya sa tsofaffin gwaje-gwajen jini suka riƙa ƙirga su duka a matsayin gulukagon, har aka riƙa kiransu da sunan gulukagon na hanji. Idan kana karanta tsohuwar takardar bincike ka ga an ce gulukagon ya hau bayan cin abinci, ka fara duba irin gwajin da aka yi amfani da shi kafin ka amince da sakamakon.

Tambaya ta biyu ita ce me sinadarin yake yi wa sukarin jini, kuma a wane lokaci yake fitowa. Gulukagon, wanda Charles Kimball da John Murlin suka gano a 1923, sinadarin yunwa ne: idan sukari ya sauka yakan umarci hanta ta saki wanda ta adana. GLP-1 kuwa, duk da cewa uwarsu ɗaya, aikinsa kusan kishiyar wannan ne. Yana fitowa ne cikin 'yan mintuna bayan an fara cin abinci, ya zaburar da fankiriyas ta fitar da insulin (sinadarin da ke saukar da sukarin jini), ya danne fitar gulukagon, ya rage saurin da tumbi ke tura abinci zuwa hanji, sannan ya isar da saƙon ƙoshi ga ƙwaƙwalwa. Abin da na fi ganin ya cancanci a riƙe a nan shi ne cewa GLP-1 ba ya ƙara insulin sai sukari yana sama. Da zarar sukarin ya dawo daidai, tasirinsa yakan ja baya. Svetlana Mojsov da Daniel Drucker da Habener, tare da Jens Juul Holst na Kofenhagen da ke aiki a nasa ɓangaren, su ne suka nuna a tsakanin 1986 da 1987 cewa gajeren yankin GLP-1 shi ne mai wannan aiki.

Domin ka ga muhimmancin hakan, ka tuna abin da aka nuna tun 1964: idan aka ba mutum sukari ta baki, jikinsa yakan fitar da insulin fiye da idan aka ɗura masa sukarin ta jijiya, ko da matakin sukarin jinin ya zo ɗaya a hanyoyin biyu. Bambancin daga hanji yake zuwa, kuma sinadarai biyu ne ke kawo shi, GLP-1 da GIP. Shi GIP ɗan dangi ne na nesa: ƙwayoyin K da ke farkon ƙaramin hanji ne ke fitar da shi, amino asid ɗinsa 42 ne, kuma ƙwayar gadonsa dabam ce. Kada ka saka shi cikin 'ya'yan furogulukagon.

GLP-2 shi ne mafi sauƙin warewa, domin ba sukari ne babban sha'aninsa ba. Aikinsa gina fatar cikin hanji da ƙara mata ikon tsotse abinci da ruwa, kamar yadda Drucker ya nuna a 1996, kuma daga nan aka samar da maganin teduglutide da aka amince da shi a 2012 domin masu fama da gajeren hanji bayan tiyata. Oksintomodulin kuwa yana taɓa makarɓar GLP-1 (wurin da sinadarin ke maƙalewa a jikin ƙwayar halitta domin ya yi aiki) da ta gulukagon duka biyu, amma da rauni, yana kuma rage sha'awar abinci.

Tambaya ta uku ita ce tsawon ransu, kuma ita ce ke buɗe maka fahimtar magunguna. GLP-1 na jiki ba ya wuce minti 1 zuwa 2 kafin wani sinadari mai suna DPP-4 ya datse shi. Saboda haka duk maganin da ka gani a wannan fanni, ka tambayi ta wace hanya ya kauce wa wannan datsewa. Wasu suna toshe DPP-4 ɗin ne domin na jiki ya ɗan daɗe, irin su sitagliptin da ya fito a 2006. Wasu kuma kwaikwayon GLP-1 ne da aka sauya wa siffa: exenatide na 2005 ya samo asali daga wani sinadari da John Eng ya gano a dafin wani ƙadangare na hamadar Amurka, semaglutide na 2017 yana daɗewa har ana yin allurarsa sau ɗaya a mako, tirzepatide na 2022 kuma yana aiki a makarɓar GIP da ta GLP-1 a tare. Ba a saba haɗa rukunin farko da na biyu ba, tunda hanya ɗaya suke bi.

A ɓangaren cin abinci ma wannan sani yana da amfani, muddin ba a zuzuta shi ba. Ƙwayoyin L suna amsa sukari da mai da furotin da ruwan matsarmama, haka kuma suna amsa sinadaran da bakteriyar babban hanji ke samarwa idan ta narkar da abinci mai dusa da ganyaye. Ƙananan bincike sun nuna cewa fara cin furotin da ganye kafin abinci mai sitaci yana rage hawan sukari bayan cin abinci, kuma cin abinci a hankali yana ba saƙon ƙoshi damar isa kafin mutum ya cika cikinsa. Sai dai abin da abinci ke ƙarawa bai kai ko kusa da ƙarfin allura ba, kuma ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta wa mai ciwon sukari.

Wanda aka ɗora a kan ɗaya daga cikin alluran nan masu kwaikwayon GLP-1 zai iya hango matsalolinsu daga aikin sinadarin kansa. Tunda tumbi yana jinkirta tura abinci, tashin zuciya da amai da kumburin ciki su ne aka fi gani, shi ya sa ake farawa da ƙaramin kaso a riƙa ƙarawa sannu a hankali, ana kuma rage yawan abin da ake ci a zama ɗaya. Idan ana haɗa shi da insulin ko magungunan ciwon sukari na rukunin sulfonylurea, sukari na iya faɗuwa ƙasa, don haka likita yakan sake daidaita su. Ciwon ciki mai tsanani da ba ya lafawa, musamman mai ratsawa zuwa baya, dalili ne na dakatar da allurar a nemi asibiti nan take. Mace mai juna biyu ko mai shirin ɗauka, da wanda a danginsa akwai wani nau'in sankarar gaɓar tayirod da ke maƙoshi mai suna medulari, su sanar da likita tun kafin a fara. Haka nan duk wanda za a yi wa tiyata ko a saka masa na'urar leƙa ciki ya gaya wa mai ba da maganin barci cewa yana kan wannan allura, domin abinci na iya kasancewa a tumbinsa ko da ya daina ci tun daren jiya kamar yadda aka umarce shi.