Idan tsoro ya tashe ki da tsakar dare

Ni tela ce, a Aboabo nake zaune, shagona yana cikin gari nan Kumasi, a ƙasar Ghana. Tun gobarar da ta cinye shaguna a unguwar kasuwanci ta Adum a watan Maris na 2025 barcina ya lalace. Wutar ba ta iso wurina ba, amma na ga matan da muke shiga trotro, wato motar haya, ɗaya suna tonon toka ko za su tsinci wani abu. Shekara biyu kafin nan an yi ta sabuwar kasuwar Kejetia. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Ni ma ko shara maƙwabciya ta ƙona, sai gabana ya faɗi. Abin da ya taimake ni zan faɗa miki, 'yar'uwa, ko zai yi miki amfani.

Fara da daina tuhumar kanki. Na yi makonni ina ganin tunda ina tsoro, to bangaskiyata ce ta ƙarya, sai kaya ya zama biyu: ga tsoro, ga kunya. Buɗe Zabura 56 ki duba abin da aka rubuta a samanta: ta lokacin da Filistiyawa suka kama Dawuda a Gat ce. Sai ki koma 1 Sama'ila 21 ki ga halin da ya shiga. Mutumin da ya kashe Goliyat ne ya yi haukan ƙarya a gaban Sarki Akish, yawu yana zuba a gemunsa, don tsabar tsoro. Shi ne kuma ya ce a aya ta 3 ta Zaburar, sa'ad da yake jin tsoro zai dogara ga Allah. Bai jira tsoron ya wuce ba. A cikinsa ya dogara.

Daga nan ki kira tsoron da sunansa. Addu'ar "Ubangiji ka kiyaye mu" tana da kyau, amma ta yi faɗi, zuciya ba ta samun inda za ta sauke kaya. Bulus yana ɗaure ya rubuta wa Filibiyawa cewa su sanar wa Allah bukatunsu cikin addu'a da roƙo tare da godiya (4:6). Ni a bayan littafin awo na rubuta nawa. Da na rubuta sai na gane ashe ba wutar kanta nake tsoro ba. Atamfofin mutane ne da ke hannuna, da idon da zan kalli masu su. Kuɗin makarantar yara ne. Da komawa arewa hannu rabbana bayan shekarun da na yi a nan. Ɗaya bayan ɗaya na karanta wa Allah su da murya, na kuma gode masa don keken ɗinki uku da har yanzu suke aiki.

Ki haddace aya guda, gajeriya, domin da ƙarfe biyun dare ba za ki iya neman shafi ba. Tawa Ishaya 41:10 ce, inda Allah ya ce kada in ji tsoro gama yana tare da ni. Wayar kuwa ki ajiye ta nesa da gado. Bidiyon gobara da ake turowa a WhatsApp ya fi sauro hana ni barci. In kuma har aka kira sallar asuba a masallacin unguwarmu idona biyu, ba na ƙara juyi a katifa, tashi nake in durƙusa.

Ga inda na fi so ki saurare ni. Da aka yi wa masu ginin garun Urushalima barazana, Nehemiya ya ce sun yi addu'a ga Allahnsu, suka kuma sa masu tsaro dare da rana (4:9). Duka biyun suka yi. Na kira mai gyaran wuta ya canja tsofaffin wayoyin shagon. Na sayi tukunyar kashe gobara, na koya wa yaran shago yadda ake buɗe ta. Lambar 'yan kwana-kwana, 192, tana rubuce a bango. Dutsen guga da hannuna nake zare shi kafin in kulle. Na daina barin kuɗi a aljihun tebur, na kuma rage karɓar ɗinkin da ya fi ƙarfina gab da Kirsimeti da Sallah. Duk wanda ya ce miki wannan rashin dogara ne, ki nuna masa Nehemiya.

Ki yi hattara da masu cinikin tsoro. Wata ta ja ni wurin wani da ya ce ya hango wuta a kan shagona, sai na sayi mai a kwalba kafin ta kauce. Na fito jikina yana rawa fiye da yadda na shiga. Abin ya yi yawa a ƙasar nan, har a ƙarshen 2021 'yan sanda suka gargaɗi masu annabcin mutuwa da bala'i na daren 31 ga Disamba. Ma'aunina 2 Timoti 1:7 ne: Allah bai ba mu ruhun tsoro ba. Maganar da ta ƙara miki firgita sannan ta nemi kuɗinki, ki bar ta a inda kika ji ta.

Kada kuma ki riƙe tsoron ke kaɗai. Wata tsohuwa a zumuntar mata na faɗa wa. Ta ce, "'Yata, in ya taso ki kira ni, ni ma ba barcin kirki nake yi ba." Sau uku na kira ta, muka yi addu'a a waya. In abin ya kai ga bugun zuciya da rashin barci na watanni, ki je asibiti. Luka da ya rubuta Bishara ai likita ne.

Makon jiya na sake jin ƙaurin hayaƙi cikin dare, gabana ya faɗi kamar da. Na leƙa, ashe mai koko ce take hura wuta. Na tuna na zare dutsen guga, na faɗi ayata sau biyu, na koma na kwanta. Sai da rana ta fito na farka.