Yadda za ku kula da wanda aka yi wa dashen zuciya idan ciwon damuwa ya kama shi

'Yan dubiya sukan ɗauke ƙafa bayan 'yan watanni, kuma a lokacin ne ya kamata mutanen gida su buɗe ido. Yayana da aka yi wa dashen zuciya a Indiya ya dawo ƙauyenmu na ƙasar Ringim da ƙarfinsa, amma shekara na zagayowa sai ya daina fita majalisa, ya daina tambayar yadda gero ya kwana a kasuwar Gujungu. Idan kun ga irin wannan ya wuce mako 2, ga rashin barci, ga ture kwano, to mai yiwuwa ciwon damuwa ne, kuma yana da magani.

Ku fara duba robar maganinsa. Wanda damuwa ta danne yakan yi sakaci da tacrolimus, maganin da galibi ake sha duk bayan awa 12 don kada garkuwar jiki ta yaƙi sabuwar zuciyar. Tsallake shi na iya sa jiki ya ƙi dashen. Ku sa mutum ɗaya ya riƙa tsayawa har ya haɗiye.

Sai maganar baki, wadda a ganina ta fi komai wuya. Ku daina ce masa "ai sai ka gode wa Allah". Ya sani, yana kuma godewa. Abin da ke cinsa daban ne: an sayar da gonar gado saboda shi, kuma sai da wani ya rasu kafin shi ya samu. Ni nakan zauna kusa da shi bayan Magariba in ce, "Yaya, yau me ya tsaya maka a rai?" sannan in ja bakina in yi shiru. Abokan wasa masu tsokanarsa da cewa zuciyar Ba'indiye ce a ƙirjinsa, ku ja su gefe. Idan yana kokwanton halacci, ku haɗa shi da malami mai sani. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta halatta dashen gaɓoɓi bisa sharuɗɗa a zamanta na Jidda a 1988.

Wani abin kuma daga magani yake. Prednisolone, wani maganin da ake ba wanda aka yi wa dashe, na kawo saurin fushi, hana barci da kumburin fuska, tacrolimus kuma na sa rawar hannu. Ku rubuta abin da kuka gani ku kai wa likita, kada ku rage maganin da kanku. Bugun sabuwar zuciya yakan kai 90 zuwa 110 a minti ko mutum na zaune, domin an yanke jijiyoyin da ke rage mata gudu. Sanin wannan kaɗai ya rage wa Yaya fargaba.

Ku ba shi aiki, amma ban da sussuka da sharar akurki, saboda ƙura da kashin kaji na ɗauke da ƙwayoyin cuta. Namu mun bar masa lissafin buhuna da tattaki bayan La'asar.

Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin Kazaure. Ku tafi da takardar duk magungunansa, don wasu magungunan damuwa na ƙara yawan tacrolimus a jini. Jiƙe-jiƙe da saiwoyi kuwa, ko Gwaggo ce ta kawo, ku karɓa ku ajiye. Ranar da ya ambaci gara mutuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke maganin feshi daga inda hannunsa zai kai, a nemi mota zuwa asibiti a ranar.