Kurakuran da Masu Horar da Malaman Turanci Suka Fi Yi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne bitar kwana uku. A tara malaman firamare a ɗakin taro, mai horarwa ya riƙe makirfo tun safe har La'asar yana gargaɗin kada malami ya cinye lokacin aji da surutu, alhali shi ma abin da yake yi ke nan. A raba takardar shaida da kuɗin mota, a watse. Ranar Litinin malama ta koma ajin da yara suka cika maƙil, babu littafi, ta ci gaba da yadda ta saba. Gyaran shi ne a rage jawabi, kowane malami ya tashi ya koyar da darasin minti goma a gaban 'yan'uwansa, bayan mako biyu kuma a bi shi makarantarsa, a zauna a bayan aji a ga abin da ya kama.

Sai batun hana Hausa. Har yau akwai masu horarwa da ke gaya wa malamai cewa yaron da ya yi Hausa a aji a ci shi tara ko a sa shi durƙuso. Abin da hakan ke haifarwa shi ne shiru, yaron da ya yi shiru kuwa ba ya koyon kowane harshe. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi, ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Abin da ya kamata a koya wa malami shi ne lokacin amfani da Hausa: ya buɗe ma'ana da ita, ya tabbatar an fahimta, sannan ya koma Turanci don atisaye. Fassara kowace jimla ma kuskure ne, domin yara za su daina sauraren Turancin su jira fassarar.

Akwai kuma gaggawa. Binciken Jim Cummins a Kanada ya nuna cewa yaro kan iya Turancin hira cikin shekara biyu, amma Turancin karatu da jarrabawa yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Wannan fa a ƙasar da yake jin Turanci a titi ne. Malamin da bai san haka ba sai ya yanke wa yaro hukuncin daƙiƙanci.

Ba a cika nuna wa malamai inda harsunan biyu suka saɓa ba. Hausa ba ta bambanta sautin p da f, shi ya sa "pan" da "fan" ke zama abu ɗaya a kunnen yaro. Ba ta jera baƙaƙe a farkon kalma, sai yaro ya cusa wasali, kamar yadda muka mayar da "screw" sukuru. Rubutunmu na boko yana bin furuci, na Turanci kuwa ba ya bi. Wanda ya san wannan zai shirya atisaye tun kafin matsalar ta taso, ba ya tsaya yana faɗa ba.

Amshi ma yana ruɗin mutane. Aji ya ɗauka baki ɗaya, mai duba aiki ya ji daɗi. "Kun gane?" "Mun gane, Malam!" A koya wa malami ya sa yara aiki bibbiyu, ya tambayi ɗaya ɗaya, ya ce a nuna ko a zana abin da aka ji.

Abin da aka fi kauce wa faɗa shi ne Turancin malamin kansa. A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta ce malamai sama da dubu 21 sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu, ta sallame su. Takardar NCE, wato shaidar kammala kwalejin horar da malamai, ba ta tabbatar da cewa mutum zai iya riƙe darasi da Turanci. Saboda haka a ware lokaci a cikin horon don gyara harshen malamai, cikin sirri da mutunci, domin babba ba zai yarda ya yi kuskure a gaban wanda zai yi masa dariya ba.