Darasi na 7: Sayen babur mai ƙafa uku na hannu

Yanzu a ƙauyukanmu na Jigawa babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya ya soma karɓe aikin amalanke, shi ke kai taki gona, shi ke kai riɗi da gero kasuwar Gujungu ran Lahadi ko Maigatari ran Alhamis. Sabo ya yi tsada, shi ya sa yawanci na hannu ake nema.

In za ka duba, ka je da sassafe tare da bakanikenka, naka fa, ba wanda dillali ya kawo ba. Fara taɓa injin da hannu, in ka ji ɗumi to an riga an tayar kafin ka zo, kuma inji in ya yi zafi ɓoye ciwonsa yake, sai ka ce gobe ka dawo. In an tayar, koma bayan salansa ka kalli hayaƙi. Mai shuɗi-shuɗi alamar yana shan baƙin mai ne, ringi sun cinye, gyaran inji na jiranka. Baƙin hayaƙi kuwa yawanci kafireta ce, wannan da sauƙi. Sannan ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin bodi inda ƙarfen gaba ya haɗu da na baya, nan lodi ke karyawa. In ka ga sabon fenti a wuri ɗaya kawai, ka kankara da farce, sau da yawa walda ce aka rufe.

Sai takardu, nan karatunka zai yi maka rana. Akwai lambar inji, akwai lambar shasi, a jikin ƙarfe aka buga su. Karanta da kanka ɗaya bayan ɗaya ka gwada da na rasit. In sun saɓa ko ka ga an goge, don Allah ka haƙura komai arharsa, mutane da yawa sun kwana a caji ofis kan kayan sata da suka saya da guminsu. A rubuta ciniki gaban mai unguwa da shaidu biyu, in da cikon kuɗi a sa ranar biya, haka aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni kan bashi.

Ranar farko kar ka ɗau lodi. Wannan babur ɗin ba ya kwanciya a kwana irin Boxer mai ƙafa biyu, in ka shiga da gudu tayar baya ɗagawa take ya kife, ka rage gudu tun kafin kwanar.

Aiki: nemi babur ɗin maƙwabcinka, kwafo lambar injinsa a littafinka, gobe ka karanta wa malami.